Man da Na Ɗura wa Moton Yaya Kabo

A shekarar da ake aikin gadar da za ta haɗa Gaya da Malanbil, ni Alassan ina koyarwa a lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko. Shekarata ta biyu ke nan da dawowa daga Yamai da takardar malanta, kuma in za a bi gaskiya, jikina ne ya dawo, kaina na can sama bai sauko ba. Farin wando nake sawa da farar riga mai aljihu biyu, da alƙalami uku a aljihun hagu, biyu daga cikinsu ba tawada. Duk unguwarmu Mushe ake kirana, yadda ake kiran malaman lakwal, har mahaifiyata. Wanda ya samu takarda daga ofishin kumandan, Baturen mulki, ko wasiƙa daga ɗansa da ke soja, wurina yake kawowa, in karanta masa da ƙarfi don na bayan dangar ma su ji.

Wana, Yaya Kabo, bai taɓa shiga aji ba. Fatauci yake yi. Yakan ɗauki gishirin Foga da busasshen kifi ya kai Kamba, can ƙasar Ingilishi, ya dawo da goro da atamfa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da saurin dariya, kuma ba wanda ke alfahari da karatuna kamarsa. Gida ɗaya muke, shi da iyalinsa ta gabas, ni da matata ta yamma, Inna a tsakiya.

Wata Asabar da la'asar sai ga shi ya dawo daga Kamba a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da moto mai taya biyu kwance tsakanin huhunan goro. Baƙi ne wuluk, ƙirar Ingilishi, ya saya hannun wani akawu da aka ɗauke zuwa wani gari. Akawun ya koya masa tuƙi kwana uku a filin kasuwa. Kafin a gama sauke shi ƙofar gida, rabin unguwa ta taru. A lokacin motoci masu taya biyu da ke Gaya ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk na ma'aikata ne. Ɗan kasuwa bai taɓa mallakar ko ɗaya ba.

"Tayar da shi mu ji!" in ji mutane.

Yaya ya ce, "Ku yi haƙuri, akwai sauran aiki." Ya duƙa ya buga wani dogon murfin ƙarfe da ke gefen hagu, daga inji zuwa wajen ƙafar direba. "Nan ne gidan sarƙa. Akwai sarƙa ciki da ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai baya, kuma cikin mai take wanka. Akawun ya tsiyaye man don kada ya ɓata mini goro a hanya. Ya ce kada in kuskura in tayar sai na mayar."

Ya zaro kwalba biyu na mai daga jaka, kowace litir guda, da wani ɗan littafi mai bango ja wanda yatsu suka baƙanta.

"Ya yi mini bayanin yadda ake zubawa, amma hankalina na wajen masu loda. Ya ce komai na cikin littafin nan. Na ce masa to an gama, ai ina da Mushe a gida."

Ya miƙo mini. Na karɓa da hannu ɗaya, kamar yadda na ga likitan Turawa na karɓar takarda. Na buɗe. Ingilishi ne daga farko har ƙarshe, kuma a Yamai ko kalma ɗaya ba a koya mana ba. Haruffan dai waɗanda na sani ne, amma an jera su kamar wanda ya jera yana fushi da wani.

Na ɗaga kai. Mutum wajen talatin na kallona, har da ladan da mai gyaran keke. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne, ba zai ci numfashi ɗaya ba. Ban faɗa ba. Sai na gyara murya, na buɗa shafi bayan shafi har na tarar da zanen da ya yi kama da murfin nan na hagu, na shiga karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa da lafazin Faransanci, ina tsayawa a inda aka sa ɗigo, ina gyaɗa kai. Akwai wani layi da aka rubuta da manyan baƙaƙe, shi na fi ɗaga wa murya.

Ladan ya ce, "Kai, karatu! Har na Ingilishi?"

Na ce, "Duk bakin Turawa ɗaya ne, Malam. Ɗan bambancin kaɗan ne."

A zanen an yi kibiya biyu. Ɗaya na nuna wani babban murfi a sama, ɗaya na nuna wani ɗan bulon, wato noti, can ƙasa-ƙasa, a gefe. Na duba moton, ga su nan kuwa yadda aka zana. Nan take na gina bayanina.

"Wannan na sama shi ne bakin, nan ake zubawa. Wannan ƙaramin na ƙasa, in man ya tsufa, nan ake buɗewa a zubar. Yau ba ruwanmu da shi."

"To nawa za a zuba?" in ji Yaya.

"A cika."

Ya sosa ƙeya. "Akawun kamar kaɗan ya ce. Na ga ya nuna da yatsa biyu haka."

"Yaya, akawun ne ya ƙera moton ko waɗanda suka rubuta littafi? Mutumin da ya sayar da abu, ina ruwansa in ya lalace? Kuma ka taɓa ganin ƙarfen da ya mutu don mai ya yi masa yawa?"

Mai gyaran keke ya ce bai taɓa gani ba. Na ji ƙarfi.

Ana nan sai matata Zuliha ta fito da kwanon ruwa ta kawo wa Yaya. Wata takwas ke nan da aurenmu. Iyayenta mutanen Gaya ne, amma a Birnin Kabi ta tashi, hannun ƙanwar ubanta, shi ya sa har lokacin babur take ce wa moto. Ta durƙusa ta ba Yaya ruwa, da ta miƙe sai idonta ya faɗa kan shafin da ke hannuna. Ta ɗan tsaya. Ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Mushe, wancan ƙaramin na ƙasa fa..."

"Zuliha, maza na aiki," na ce, ban ko waiwaya ba.

Ta dube ni, ta dubi kwalaben, ta ɗauki kwanonta ta shige gida.

Aka kawo mazurari daga wurin mai sayar da kananzir. Ni da kaina na zuba, na naɗe hannun riga. Kwalba ɗaya ta shige ba ko alama. Na buɗe ta biyu, sai da ta kai rabi sannan na ga mai ya taso yana ƙyalli a bakin. Na mayar da murfi na ɗaure tamau. Yaya ya hau, ya taka, a karo na uku injin ya kama da wata ƙara da ta kori kajin unguwa. Mutane suka yi sowa. Wani tsoho ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Ranar na ci tuwo kamar wanda ya ƙera moton.

Kashegari Lahadi, ba lakwal, kuma ana sunan jikan Gwaggo Kaltuma, yayar mahaifinmu, a Bana. Yaya ya ce ba abin da zai hana shi shiga Bana bisa moto. Ya sa babbar riga shuɗiya ya tattare ta a kafaɗa, ni na sa fararen kayana da aka goge da sitati. Na cusa sauran rabin kwalbar a jaka tare da goron suna. Muka tashi rana na fitowa.

Cikin gari lafiya lau. Mata na tsayar da daka suna kallonmu, ni kuwa ina ɗaga hannu kaɗan-kaɗan, ba sosai ba, don kada a ce ban saba ba. Da muka fita gari muka kama hawan tudun nan mai duwatsu, sai na ji ƙarar injin ta sauya. Yana ta ihu, amma tafiyar tana raguwa. Yaya ya ƙara murɗa hannu. Ihun ya ƙaru, tafiyar ta ƙara raguwa. Can na ji wani ɗumi a ƙwaurina na hagu. Na duba, wandona ya yi baƙi daga idon sawu har gwiwa.

Yaya ya waiwayo yana ɗaga murya. "Mushe, mi ke faruwa?"

"Sabon wuri ne, bai saba da tudunmu ba! Ƙara masa wuta!"

Ya ƙara. Wata mata ɗauke da damin itace, da muka wuce ta a gindin tudu, ta iso mu, ta gaishe mu, ta wuce. Bayanta wani dattijo bisa jaki ya zo daidai da mu. Ya daɗe yana tafiya gefenmu yana duban moton cikin natsuwa, sannan ya duƙo ya yi magana da ƙarfi don ta fi ƙarar inji.

"Samari, in kuna da saƙo zuwa gaba, ku ba ni in kai muku."

Yaya ya kashe inji. Muka sauka. Wani wari kamar na ƙonannen fata na tashi, mai na ɗiga ta bayan murfin, ya wanke sarƙar baya, ya fantsama a taya. Duk mai hankali da ya ga haka zai yi tunani iri ɗaya. Ni sai na yi wani. Na kwance murfin sama da gefen rigar Yaya don zafi, na leƙa, na ga man ya sauka daga inda na bar shi jiya.

Na ce, "Ka gani? Ya shanye. Ƙishirwa ce ke damunsa. Da mun bi ta akawunka da tuni ya ƙone."

Na zaro rabin kwalbar na juye masa duka.

Daga nan ko taku goma bai ƙara yi ba. Injin na kuka kamar za a yanka shi, moto na tsaye inda yake. Yaya ya juya kan moton zuwa gari, ya ce in hau mu gangara haka nan ba wuta. Muka gangara. Da farko har da daɗi, iska na kaɗa mu. A wata kwana Yaya ya taka birki, tayar bayan da ta sha mai ta zame, sai na ga sama, na ga ƙasa, na tsinci kaina zaune cikin ƙarangiya, goron suna warwatse kewaye da ni. Yaya na can gefe babbar riga ta rufe masa kai, yana salati daga ciki. Gwiwar hannunsa ta goge, ni kuma ba abin da ya same ni sai ƙaya a wurin da ba a nunawa.

Muka tsince goron da za mu iya, muka tura moton zuwa gari. Matan da na ɗaga wa hannu da safe suna nan inda na bar su. Wannan karon su suka ɗaga mini.

Yaya ya ce kai tsaye wurin Cha'ibu za mu. Cha'ibu tsohon soja ne, mutumin Dendi, yana da rumfa kusa da mashigar bak, jirgin fito, inda kamiyoyin gyaɗa ke jeruwa suna jiran a ƙetare da su zuwa Dahome. Shi ke gyara su. Ba ya yawan magana, kuma kullum da asuwaki a bakinsa. Ya fito daga ƙarƙashin wata kamiyo, ya gaishe mu da fofo irin ta Dendi, ya dubi moton, ya dubi wandona, ya sake duban moton. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ce Yaya ya riƙe shi tsaye, ya ɗauko kile, wato sifana, ya kama ɗan bulon ɗin nan na ƙasa, wanda na ce ba ruwanmu da shi.

Yana cire shi mai ya yi tsartuwa ya wuce ta kan ƙafarsa.

"Miƙo tasar can," in ji shi.

Ni na miƙa. Muka tsaya muna kallo. Man na zuba, yana zuba, tasar ta kusa cika. Direbobi uku suka taso daga inuwa suka zo kallo. Ɗaya ya tambaya ko rijiya aka haƙa.

Cha'ibu ya cire asuwaki. "Wa ya yi wannan aiki?"

Yaya ya yi saurin cewa, "Littafi ne ya ce a cika."

"Ni ban iya karatu ba," in ji Cha'ibu. "Amma in littafi ya ce haka, wanda ya rubuta shi bai taɓa hawa moto ba." Ya nuna bayan murfin da kile. "Ambirayaji na nan ciki tare da sarƙa. Faya-fayai ne da ke matse juna su ja taya. Kun nutsar da su cikin mai, yanzu sulɓi suke yi. Sai an buɗe an wanke da esansi, man fetur. Na taɓa na Faransi da yawa, amma irin wannan ban taɓa buɗewa ba. Gobe bayan la'asar ku zo da littafin, Mushe ya karanta mini yadda suke ɗaure nasu, kada in yi ɓarna bisa ɓarna."

Na ce, "Ba matsala." Har yau ina mamakin bakin nan nawa.

Na isa gida da azahar. Zuliha ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi wandon ta jiƙa shi da toka da sabulu, ta kawo mini abinci, ta zauna nesa kaɗan tana tsince shinkafa. Na ci loma biyu na kasa. Na ɗauko littafin na zauna ina jujjuya shi, ko Allah zai sa Ingilishi ya sauko mini kafin gobe.

Can na ce, ina kallon bango, "Jiya kamar kin so ki ce wani abu."

"Maza na aiki," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba.

Na haɗiye wannan. "Yanzu sun gama."

Ta ajiye faifan, ta goge hannu a zane, ta miƙo hannu. Na ba ta littafin. Ta buɗe shafin ba tare da ta nema ba, ta ɗora yatsa ta fara karantawa a hankali. Tana tuntuɓe nan da can, tana komawa baya, amma ko kurma ya ji ya san wannan karatu ne, ba irin nawa na jiya ba.

Na san ta yi makaranta a Birnin Kabi. An faɗa mini tun kafin aure, shekara huɗu ta yi. Amma a kaina karatu na Faransi ne kaɗai, abin da ake yi can ƙasar Ingilishi kuwa na ɗauka ɗinki ne da waƙe-waƙe. Wata takwas muna ɗaki ɗaya, ina karanta mata jaridar Dakar ina fassara mata, ban taɓa tambayarta me ta iya ba.

Ta ce, "Ya ce a tsayar da babur a miƙe, a wuri mai daidai, kada ya jingina. A fara cire ƙaramin na ƙasa. Sannan a zuba ta sama, a hankali. Da mai ya fara fitowa ta ramin ƙasa, a tsaya. A jira ya daina ɗiga, a mayar. Ya ce man ya taɓa cikin sarƙa ta ƙasa kawai, ya isa."

"Shi ke nan?"

"Sai wannan." Ta nuna layin nan mai manyan baƙaƙe. "Ya ce kada a cika. In an cika, wannan abin zai riƙa zamewa, babur ba zai ja ba." Ta ɗago ta dube ni. "Shi ne wanda ka fi ɗaga wa murya jiya. Ina jinka daga madafa."

Mutumin kirki a nan zai tashi ya je ya sami wansa. Ni sai na ce ta sake karanta mini, ta sake, har na haddace bayanin kamar yadda nake sa 'yan ajina haddace jadawalin lissafi. Na ce kada ta faɗa wa kowa. Ta ce ita ba ta da wanda za ta faɗa wa, amma littafin shafi sittin ne, ni kuma ɗaya na haddace. Na ce ɗayan ya isa.

Litinin bayan an tashi lakwal na tafi rumfar Cha'ibu cikin wani farin wandon. Yaya na can da ƙyalle ɗaure a gwiwar hannu. An riga an cire murfin, ga sarƙa a fili, ga wani abu mai kama da faranti a bayanta. Na buɗe littafin na ce jiya na sake nazari, na gano cewa masu buga littafin sun sa kibiyoyin a hanyar da za ta rikita mutum. Sannan na zuba bayanin Zuliha tiryan-tiryan, ina bin layi da yatsa.

Cha'ibu ya gyaɗa kai. "Yanzu littafin ya yi hankali. Haka ne."

Yaya ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. Na ji kamar na tsallake.

Sai Cha'ibu ya karɓi littafin da yatsunsa masu baƙin mai, ya buɗa gaba yana duban zane-zane, ya tsaya a wani da ke nuna farantin nan da wasu ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa. Ya miƙo mini.

"Ga wanda nake so. Waɗannan, juyi nawa ake ɗaure su? Karanta."

Na duba. Na gyara murya na fara irin karatun ranar Asabar, da tsayawa a ɗigo da gyaɗa kai. Na kai ƙarshen shafi na juya na ci gaba, don muddin ina karatu ba wanda zai tambaye ni. Cha'ibu ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "To. Da Hausa."

Bak ya yi ƙaho a bakin ruwa. Wani direba na ɗaure igiya. Na yi tunanin in ce juyi biyar, ko bakwai. Sai idona ya faɗa kan ƙyallen da ke hannun Yaya, jini ya ɗan ɓullo ta cikinsa. Na rufe littafin.

"Yaya, ban iya Ingilishi ba."

"Wannan shafin ne mai wuya?"

"Duka. Ko kalma ɗaya ban sani ba. Ranar Asabar ma ban san abin da nake faɗa ba."

Yaya ya ce, "To wanda ka faɗa yanzu fa, da Cha'ibu ya ce daidai ne?"

"Zuliha ce ta karanta mini."

Cha'ibu ya mayar da asuwaki bakinsa ya juya baya, amma na ga kafaɗunsa na rawa. Yaya bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya zauna bisa wata tsohuwar taya.

Ya ce, "Alassan." Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin in tafi Yamai. "Da ka ce ba ka iya ba, mi zai ragu a jikinka? Ni ban iya ko ɗaya ba, ga ni ina cin tuwo. A kwanar nan da dutse na faɗa wa ba yashi ba, da yau zaman makoki kuke."

Na ce ya yafe mini. Can sai ya tambaya, "A kan tudu, da ka ce ƙishirwa yake ji, shi ma daga kanka ka ciro?"

Na ce e.

A nan dariyar ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya riƙe hannun da ke ciwo, yana cewa "ƙishirwa," yana share hawaye. Direbobin suka matso, ya ba su labari tun daga farko, bai rage komai ba, har da mai jaki. Ina tsaye ina ji.

Cha'ibu ya ce shi ba zai sa mace ta zo cikin direbobi ba, moton ne zai je inda mai karatu take. Ya zuba kayan aikinsa cikin buhu, muka tura moton har tsakar gidanmu. Inna ta fito ta zauna bisa kujerarta, matar Yaya ta bar girki. Zuliha ta shimfiɗa tabarma gefe, ta ja mayafi, ta ɗora littafin bisa cinya. Wasu kalmomin na ƙarafa ba ta san su ba, sai ta faɗi haka kai tsaye, ta ce, "Wannan ban san shi ba, Baba Cha'ibu, amma ya ce yana bayan farantin." Shi kuma ya laluba ya ce, "Na gane shi, 'yata, ci gaba." Haka suka yi ta yi, ita da rabin sani, shi da rabin, har aka fitar da faya-fayan aka wanke da esansi aka shanya bisa faifai, aka mayar, aka ɗaure yadda littafi ya ce.

Da aka zo zuba mai, na matsa na miƙa hannu wajen kwalbar da Cha'ibu ya zo da ita. Mutum uku suka ce "A'a" lokaci guda, har da Inna.

Cha'ibu ya ce, "Mushe, kai riƙe ƙahon moton. Ka tsayar da shi a miƙe, kada ya karkata ko kaɗan."

Na riƙe. Ya cire ɗan bulon ɗin ƙasa ya ba Yaya, ya zuba ta sama siriri-siriri. Ban gama gyara tsayuwa ba sai ga mai ya leƙo ta ramin ƙasa. Ya tsaya. Muka jira ɗigon ya ƙare, Yaya ya mayar da bulon. Cha'ibu ya ɗaga kwalbar sama don kowa ya gani. Abin da aka zuba daga cikinta bai wuce kofin shayi biyu ba.

Yaya ya fita da moton, ya nufi tudu shi kaɗai. Daga ƙofar gida muna jin ƙararsa tana nisa, ba ihu, ba tsayawa. Ya dawo kafin magariba da ƙura har gira, ya tsaya gaban Zuliha ya ce daga yau duk takardar da ta fito daga Kamba ita ce mai ita.

Haka kuwa aka yi. Kafin damina 'yan kasuwar unguwarmu sun gane hanya. In takarda ta Faransi ce a ce a kira Mushe, in ta Ingilishi ce a aika da ita cikin gida. Wani lokaci mutum ya zo bai san wace iri ce a hannunsa ba, sai ya miƙo mini yana kallon fuskata da kyau, ya ce, "Duba tukuna, taka ce ko ta Malama?"

Moton ya yi shekara shida hannun Yaya. Da aka buɗe gada yana cikin na farko da suka ƙetara Malanbil a kansa. Duk wata biyu yakan duba man gidan sarƙa, ranar Alhamis da ba lakwal, kuma ba ya farawa sai ya aiko a kira ni, don a cewarsa duk Gaya ba wanda ya kai ni iya riƙe moto a miƙe. Nakan bar gyaran takardun 'yan aji in fito, in kama ƙaho, in tsaya ƙyam ina kallon gaba. Kwalbar kuwa yakan ajiye ta can ɗaya gefen, inda hannuna ba ya kaiwa.